Taron Dangi a Agege: Yadda Girkin Bana Ke Tafiya

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Bana taron dangi na wata-wata ya dawo gidanmu. Lahadin ƙarshen kowane wata 'yan'uwana da na maigida mazauna Legas, daga Idi-Araba da Obalende da Ketu da nan Agege, sukan haɗu a ci abinci, a zuba kuɗin asusun zumunci, a ji lafiyar juna. Da manya da yara mukan kai mutum 25. Gwaggo ce ta riƙe taron shekara da shekaru, yanzu ciwon ƙafa ya matsa mata, aka ce ni in karɓa.

Na ɗaura niyyar abu guda: ba zan ɗora wa taron nan komai ba sai abin da yake lokacinsa a kasuwa, ko wanda na adana da hannuna sa'ad da yake da yawa. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne yadda abincin baƙi ya koma kala ɗaya a gidajenmu. Shinkafa da jar miya da soyayyar kaza, ko tumatir na da daɗi ko ya zama ruwa, ko ana rabonsa ko ana kuka da shi. Yaran da muka haifa a nan sun tashi suna ganin in ba a ga ja a faranti ba, to ba a girmama baƙo ba.

Mai girki a Legas kalanda biyu take bi. Akwai ta masu noman rani na Arewa, wadda ke cika kasuwa da tumatir da tattasai da attaruhu da albasa da karas daga yanzu har wajen Afrilu. Akwai kuma ta daminar Kudu, wadda ke riga ta gida sauka, ta kawo ɗanyar masara da ganye da sabuwar doya tun Arewa na jiran ruwan shuka. Idan ɗaya ta ja baya, ɗaya na shigowa. Aikina a bana shi ne in san inda kowace ta tsaya.

Lahadi, 26 ga Janairu

Taron farko ya wuce lafiya. Dambun shinkafa na yi, don kayan lambu sun cika kasuwar Agege: kabeji mai nauyi, karas mai zaƙi, koren tattasai, albasa mai lawashi. Na turara ɓarzajjiyar shinkafar a madambaci har ta yi rabin nuna, na juye, na cuɗa ta da ganyen da dakakkiyar gyaɗa da kayan ƙamshi, na mayar ta ƙarasa. Man gyaɗa da aka soya da albasa da yaji a gefe, kowa ya zuba daidai bakinsa.

Zoɓon sabo ne, girbin ƙarshen bara, ja wur, da ɓawon abarba da citta da kanumfari. Yara kuwa na ajiye musu tire guda na agwaluma da yankakken rake. Agwaluma lokacinta ke nan, daga Disamba zuwa wajen Afrilu, kuma ta Janairu takan ɗan yi tsami, sai gaba take daɗa zaƙi. Gwaggo ta ci dambu ta ce, “'Yar nan, rabona da wannan a wurin taro na manta.” Na ji daɗin maganar ƙwarai.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Yau aka yi babban aikin shekara. Tun bayan sallar asuba muka kama hanyar kasuwar Mile 12 ni da ƙanwata, don wanda ya makara sai ya tarar da ragowar da rana ta doka. Manyan motoci sun kwana suna sauke kwanduna. Yawancin tumatirin wannan lokaci daga Kano yake fitowa, daga Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke ratsa gonaki, a yi lodinsa a kasuwar Kwanar Gafan. Akwai na Danja ta Katsina da na wajen Zariya. Tafiyar wajen kilomita 1,000 yake yi a cikin kwandon da aka ɗora wa wani kwandon, ta Jebba da Ilorin da Ibadan, shi ya sa na ƙasa yakan iso a farfashe. Duk sanda na ga tulin fasasshen tumatir a gefen kasuwa, manomin da ya kwana ban-ruwa nake tunawa.

Na zaɓi dogon nan mai tauri da 'yan kasuwa ke kira UTC, don namansa ya fi ruwansa yawa. Dillalin da muke saye wurinsa ya ce, “Hajiya, ki ƙara kwando. Bayan Sallah ba za ki sake ganinsa haka ba.” Na ƙara.

A Kano da an yanka shi an baza a rana ya zama kauɗa cikin 'yan kwanaki. A Legas hakan ba ya yiwuwa yadda ake so, domin iskar teku ɗauke take da laima ko da rani, tumatirin sai ya fara yauƙi kafin ya bushe. Saboda haka kwalba muka nufa. Muka wanke, muka cire duk mai tabo, aka kai markaɗe, muka zuba a babbar tukunya bisa gawayi ba tare da ɗigon ruwa ba, ya yi ta tafasa har ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku. Kwalaben gilashi masu murfin ƙarfe mun riga mun dafa su. A kowace kwalba mai cin lita guda na sa ruwan lemun tsami cokali 2 babba, na cika da tumatirin da zafinsa, na bar ɗan sarari a wuya, na ɗaure, sannan muka jera su a tukunya ruwa ya shanye kansu, suka tafasa minti 45.

Tumatir zalla na sa a kwalba, kuma da dalili. Tsaminsa ne ke hana ƙwayar cuta mai haɗari rayuwa a rufaffiyar kwalba. Tattasai da albasa ba su da wannan tsamin, in an haɗa su ciki sai su rage shi, kuma gubar da ke iya fitowa ba lallai a gane ta da ido ko hanci ba. Don haka markaɗen tattasai da attaruhu na soya shi daban, na ƙulla a leda kaɗan-kaɗan, ya shiga firiza. In wuta ta yi tsiya, kwalba na nan. Gida biyu maganin gobara. Na kuma aika a sayo mini kauɗa da busasshen tattasai daga gida, waɗanda hunturun can ya busar da kyau.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya kama ranar 1 ga wata, a tsakiyar zafin Legas mai sa gumi ko mutum na zaune. Taron Fabrairu shinkafa da miya aka ci, don tumatir na kan ganiyarsa, kuma miyar ta yi zaƙin da ba a sa mata komai ba.

Yau muka kira maƙwabta da samarin da ke kwana a shago a layinmu buɗa-baki. Kankana ce ta ɗauki nauyin tire, da abarba da gwanda. Kunun tsamiya da sabuwar tsamiya, ƙosai, da faten wake mai alayyahu ga wanda ke son abu mai ɗan nauyi. Kunun aya sai bayan la'asar nake haɗa shi, da dabino da kwakwa, ya tafi kan ƙanƙara kai tsaye, domin a zafin nan awa kaɗan ke juya shi. Samarin nan da yawansu sun baro iyaye a Sakkwato da Zamfara da Jigawa, kullum burodin Agege da shayi. Ɗaya ya kurɓi kunu ya ce, “Mama, Allah Ya saka da alheri, kamar a gida.” Na yanke shawarar kullum za a riƙa miƙa musu jug guda har ƙarshen wata.

Litinin, 31 ga Maris

Sallah ta faɗo jiya Lahadi, daidai ranar taro, sai aka haɗa biyun. Waina da sinasir da miyar alayyahu, kaji, da cincin da dubulan da muka yi tun ana saura kwana uku. Gida ya cika har tsakar gida. Ban taɓa kwalba ko ɗaya ba, tumatir na nan a kasuwa, sai dai ya fara ɗaga kai.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Ruwa ya sauka sosai. Mangwaro ya cika ko'ina, musamman na Ogbomoso mai launin ɗorawa da ƙamshi, wanda ake jibgewa a bakin titi. Na sayi wanda bai gama nuna ba ranar Alhamis, na rufe shi a kwali, yau ya yi daidai. Shi aka sha a madadin lemon kwalba, wani a yanke, wani a markaɗe da citta. Ba wanda ya nemi lemon.

Ɗanyar kuɓewa ta fara kyau, ita na yi da tuwon shinkafa da bandar tarwaɗa.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ga watan da nake jira. Noman rani ya ƙare, zafi da ruwan farko sun gama da sauran gonakin tumatir a Arewa, na damina kuwa bai iso ba. Kowace shekara haka ake yi daga Mayu zuwa Yuli, sai dai wata shekarar ta fi wata. Wanda ya yi girki a 2016 ba zai manta ba, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A makon nan abin da ake kasawa a faranti ƙanana ne, masu ruwa, kuɗinsu kuwa ya ninka na Fabrairu ba sau ɗaya ba.

Ina da kwalabe, amma na ƙi buɗe su don taro. Tuwon masara na tuƙa da miyar kuka, sannan miyar karkashi a ƙaramar tukunya. Kukar ba ta garaje ba ce. Tun dare na dafa ƙashi da naman saniya da busasshen kifi har romon ya yi kauri, na daka daddawa da citta da masoro da barkono, na sa wake kaɗan da aka surfa ya narke a ciki, sannan na kaɗa kukar da maburgi a kan wuta marar ƙarfi. Man shanu soyayye da albasa a kwano daban.

Da aka buɗe kuloli sai da ɗakin ya yi shiru. Matar ƙanin maigida ta ja ni gefe ta ce, “Yaya, da kin faɗa mana abin ya yi tsada ai da mun haɗa kuɗin kayan miya.” Da zuciya ɗaya ta faɗa, na kuma gode mata. Amma maganar ta nuna mini inda matsalar take. Mun mayar da miyar iyayenmu alamar babu. Kuka da kuɓewa da karkashi da yakuwa da daddawa su ne suka riƙe ƙasar Hausa tun kafin a san tumatir, wanda asalinsa ma daga nahiyar Amurka ya zo. Ganyen kuka na da sinadarin ƙarfe da na ƙarin ƙwarin ƙashi, daddawa kuwa daga kalwa take, abinci ce mai gina jiki ba ɗanɗano kawai ba. In an ba miyar kuka nama da lokaci da man shanu kamar yadda ake ba jar miya, babu baƙon da ya fi ƙarfinta. Rainin da ake mata daga yadda ake dafa ta ne ranar da aljihu ya bushe, ruwa da gishiri da dunƙule.

Kawu, wanda ba ya yawan magana, ya nemi ƙari, ya kuma ce a ɗebar masa ta ɗumame. Yara biyu sun ƙi ci, na ba su shinkafa da wake da mai da yaji ban matsa musu ba. Sauran sun ci, har ɗaya ta tambayi ko itacen kuka na fitowa a Legas. Babanta ya zauna yana ba ta labarin kukar ƙofar gidansu a ƙauye, da yadda ake hawa a sassabo ganye a shanya a inuwa don kada ya yi fari.

Lahadi, 8 ga Yuni

An yi Babbar Sallah ranar Juma'a 6 ga wata, cikin ruwa. Maigida ya sayo rago a kasuwar dabbobi ta Kara tun farkon mako. A gida akan rataye nama ya kwana ya sha iska, washegari a yi suya. A Yunin Legas, wanda shi ne watan da ruwa ya fi yawa, naman da ya kwana a rataye sai ya canza wari. Don haka ranar muka gama komai. Aka fitar da rabon maƙwabta da mabuƙata tun da hantsi, Musulmi da Kirista, har Iya ta gidan gaba da su ma suke nasu bikin na Ileya, wato Babbar Sallah da Yarbanci, muka yi musayar kwano. Kayan ciki suka zama farfesun rana. Sauran na sulala da albasa da citta da tafarnuwa da gishiri har ruwan ya tsotse, na soya a kitsensa har ya daina kumfa, alamar babu sauran ruwa a jiki. Cinya guda na ware, jiya muka daka ta muka yi dambun nama. Kai da ƙafa an babbake sun shiga firiza.

A nan ne kwalabe suka yi ranarsu. Na buɗe na farko, murfin ya yi ƙara alamar iska ba ta shiga ba, launi da ƙamshi kamar ranar da aka rufe. Dafa-dukan Sallah da miyar baƙi duk daga ciki suka fito, na aika wa Gwaggo biyu.

Lahadi, 29 ga Yuni

Laima ta shiga ko'ina, gishiri na jiƙewa a robarsa. Na fito da duk busassun kaya na duba. Kauɗa da kuka da kuɓewar da ke cikin robobi masu murfin da ke kamawa lafiya lau. Daddawa ta fara laushi, na ɗan gasa ta a kasko na daka da gishiri na mayar. Wata gyaɗa da aka kawo mana tsaraba a buhu ta yi fumfuna a ƙasa, na zubar da ita gaba ɗaya. Gyaɗa da masara in sun yi fumfuna suna iya ɗaukar gubar da ke lalata hanta, kuma wanki ko suya ba sa kashe ta. Wannan abu ne da nake so kowace mai ajiyar hatsi a garin nan ta sani. Daga yanzu zuwa ƙarshen damina, gyaɗa mudu ɗaya-ɗaya zan riƙa saye.

Taron yau mutane kaɗan ne, ruwa ya tare hanyar 'yan Obalende. Farfesun kai da ƙafa da gurasa, da shayi mai kayan ƙamshi.

Lahadi, 27 ga Yuli

Tun Mayu ɗanyar masara ke gari, yanzu ta kai ko'ina. Na dafa tukunya guda da gishiri, maigida da samari suka gasa wata a tsakar gida. Iya ce ta koya mini cin ta da ube, ɗan itacen nan mai launin shuɗi-baƙi da Inyamurai suka fi so: a jefa shi a ruwan zafi minti kaɗan ko a ɗora a gefen garwashi, ya yi laushi kamar man shanu, a ci da masara. Manyanmu da yawa sun shekara 30 a Legas suna wuce shi a tire ba su taɓa ɗanɗanawa ba. Yau sun ci. Wasu sun so, wasu sun ce ɗan tsaminsa bai yi musu ba, suka koma kan kwakwa.

Ganye kuwa sai wanda aka zaɓa. Alayyahu da lalo da ugu, ganyen miyar Kudu, daga lambunan wajen Ojo da Ikorodu, rama da zogale daga masu kawowa daga Arewa. Na yi kwaɗon rama da na zogale da ƙuli-ƙuli, da dafaffiyar ɗanyar gyaɗa da yalo a gefe. Ramar sai an tafasa ta an zubar da ruwan farko, in ba haka ba tsaminta ya danne komai. Wannan taron ne ya fi kowane sauƙin kuɗi zuwa yanzu, shi ne kuma aka fi daɗewa ana hira, don abinci ne da ake ci da hannu a hankali.

Lahadi, 31 ga Agusta

Ruwa ya ɗan ɗaga ƙafa a farkon wata kamar yadda ya saba, na samu na shanya barkono da kuka suka sha rana. Sabuwar doya ta shigo, ita ce Inyamurai ke yi wa biki a wannan watan. Ruwa gare ta, ba ta yin sakwara mai danƙo, sai ta kwana biyu a ajiye tukuna. Fate na yi da ita, da manja da bandar kifi da alayyahu mai yawa, ta narke da kanta ta ba romon kauri. Tumatirin damina daga Filato da Binuwai da garuruwan Yarbawa ya fara sauko da farashi. Yana da ruwa da tsami, sai an daɗe ana soya shi. Kwalabe sun kusa ƙarewa, kuma sun kai ni inda nake so su kai ni.

Lahadi, 28 ga Satumba

Kabewa ta fara isowa daga Arewa tare da yakuwa da sabuwar gyaɗa, wato lokacin miyar taushe ya yi. Na dafa kabewar da ƙashin rago har ta farfashe, na dama markaɗaɗɗiyar gyaɗa na zuba, alayyahu da yakuwa a ƙarshe don kada su mutu, aka ci da funkaso. Matar ƙanin maigida ta zo tun safe ta taya ni, ta ce tana son ta ga yadda ake daidaita tsamin yakuwa da zaƙin kabewa. Mun shirya a Fabrairu mai zuwa za mu haɗa kuɗi mu sayi tumatir tare, mu yi aikin kwalba gida uku a rana ɗaya, ita ta ɗauki nauyin tara kwalabe daga yanzu.

Abin da ke gabana shi ne albasa. Ta Aliero da Sakkwato da aka girbe da rani tana ƙarewa a rumbuna, daga Oktoba zuwa Disamba takan yi wuya, kuma ba ta ajiyuwa a ɗakin Legas, tsiro take yi ko ta ruɓe. Jibi zan shiga Mile 12 in sayo rabin buhu tun ba ta ƙara hawa ba. Kashi ɗaya zan yanka siriri in soya har ya yi ƙaras-ƙaras in rufe a kwalba, man da aka soya shi a ciki ya zama na dambu da ɗanwake. Sauran a markaɗa a ƙulla a sa a firiza. Taron Oktoba kuma Gwaggo ta riga ta faɗi abin da take so: tuwon sabuwar masara da miyar ɗanyar kuɓewa, in ruwan ƙarshe ya bar kuɓewar da kyau.